Kwalliyar Sata

Malam Sirajo ya baro Shinkafi da hantsi, ya sauka Ƙaura Namoda rana tsaka, ko ruwa bai tsaya sha ba ya nufi shagon kwamfuta na Saminu, ɗan ƙanwarsa Rahama. Can ake buga masa ɗan littafin da ya rubuta a kan hukuncin mai sayen dabbar sata. Jibi zai karanta shi a gaban 'yan kasuwar shanu na Moriki, ya raba musu. Tun ranar da ya ga bijimin noman wani talakan Badarawa a hannun mutumin da ba ya rasa sahun gaba a masallaci, ya yi alwashin sai ya faɗa musu gaskiya ido da ido.

Ya tarar da Alhaji Ɗantani zaune a benci yana jiran hoton fasfo. Ɗantani dillalin shanu ne a Moriki, irin mutanen da ba sa tambayar inda saniya ta fito muddin farashinta ya kwanta. Suka gaisa sama-sama.

Saminu, magidanci mai 'ya'ya uku, ya juyo da allon kwamfutar yana murmushi. "Kawu, duba aiki. Ayoyi ga su da jan rubutu, kowace ta zauna daga dama yadda ya kamata. Ga zane a gefen shafi. Lambar shafi ma ita ke sa abinta. Ko a Kano iyakar abin da za su yi maka ke nan."

Malam ya gyara tabarau. Abin ya yi kyau, ba ƙarya. Yana cikin dubawa sai wani jan layi ya fito a saman allon da rubutun Turanci, komai ya tsaya cak. Saminu ya danna nan, ya danna can, ya yi tsaki.

"Mi ya same ta?" in ji Malam.

"Halinta ne, Kawu. Takan yi haka. Bari in kashe in kunna."

"Ban tambaye ka halinta ba. Jan rubutun nan mi yake cewa?"

Saminu ya sosa ƙeya. "Cewa take ba ta gaskiya ba ce. Manhajar da muke rubutu da ita ta sayarwa ce, masu ita kuɗi suke karɓa duk shekara. Tamu kuwa wani ne ya ɓalle mata makulli ya zuba mana da araha."

"Ya ɓalle makulli."

"Kowa haka yake yi, Kawu. Duk shagunan garin ga."

Ɗantani ya fashe da dariya har hularsa ta karkace. "Allah mai iko! Ashe Malam ma araha yake bi! To mu da munka sayi saniya ba mu tambaya ba, mi munka yi? Wallahi jibi sai na ba da labarin ga a kara, gaban masu shanu, kafin ka buɗe baki."

Malam ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ba dariyar ce ta ƙona shi ba, gaskiyar da ke cikinta ce. Wanda zai tsaya gaban mutane ya kira su masu taya ɓarawo ɓoye kaya, ba ya zuwa da ko zare na wani a aljihunsa. In Ɗantani ya riga shi magana, littafin ya mutu tun ba a buɗe shi ba, kowane dillali ya koma gida da hujjarsa.

Ya juya kan Saminu. "Kai, ɗan Rahama! Da hannunka ka buga babin da na ce mai cewa kowa na yi ya fi ɓarawon haɗari. Ka buga shi harafi bayan harafi a cikin kayan sata, kunyar Allah ba ta kama ka ba?"

"Kawu, Turawa ne fa masu abin. Kuɗinsu ko ƙasar ga ba ta da shi."

"Mai garke dubu in an sace mishi ɗaya, ta halatta? Rufe mini baki! Nawa ake sayen ta gaskiyar?"

Saminu ya faɗi kuɗin. Ya ƙara da cewa sai da katin banki mai sayayya a waje, shi kuwa nasa ba ya yi, kuma ko an biya bana, baɗi in ba a sabunta ba sai ta hana ka rubutu a cikin aikinka.

"Wato haya ce. To babu wadda mai ita ya ce kowa ya ɗauka?"

"Akwai ta kyauta a nan ciki. Amma ba ta littafi ba ce, Kawu. Farin fili ne kawai. Ba ja, ba zane, ba ƙawata kanun babi."

"Tana tsayawa kamar wagga?"

"A'a. Ita kam ban taɓa ganin ta maƙale ba. Ko wuta ta ɗauke, ka kunna, nan take ta buɗe."

"Masu ita sun yafe?"

"Sun yafe wa duniya."

"Kwashe maganata ka zuba can. Maganar tawa ce, ba wanda ya ba ni aro. Kwalliyar tasu ce, bar musu abinsu."

Saminu ya kashe ya kunna, ya kwafe rubutun ya zuba a ta kyautar, yana yi kamar mai rushe ɗakin da ya gina. Nan take jan ya tafi, zanen ya tafi, kanun babi suka koma daidai da sauran layuka. Sai ga wata sabuwa: duk inda aya ta haɗu da Hausa a layi ɗaya, sai su cakuɗe, ƙarshen aya ya faɗo tsakiyar fassara.

"Ka gani ko?" in ji Saminu, har da ɗan jin daɗi. "Abin da ake biya ke nan. Ko ayoyin kaɗai mu bari a waccan."

Ɗantani ya miƙe ƙafa. "Bar mishi, Malam. Sata kaɗan ai ba ta karya alwala."

Malam bai ko dube shi ba. Ya tsaya yana kallon ayar da ta wargaje, ransa ya ƙara ɓaci, don wasa da maganar Allah ya fi masa ciwo a kan dariyar dillali.

"Cire ayoyin duka," ya ce. "Ka bar fili a wurin kowace. Buga mini kwafi ɗaya."

Da takardun suka fito, ya zaro alƙalami daga aljihun gaba, ya ture Ɗantani gefe a kan bencin, ya ɗora su a gwiwa. Aya bayan aya ya rubuta da hannunsa, da irin rubutun allo da ya tashi da shi, har aka kira la'asar. Suka yi salla suka dawo, ya sa Saminu ya ɗauki hoton shafukan a inji kwafi da yawa ya ɗinke.

Ɗantani ya ɗauki ɗaya ya juya shi. "Wanga ai kamar takardar asibiti. Wa zai so shi?"

"Ba so na kawo muku ba."

Saminu ya yi ƙasa da murya. "Kawu, to ni fa? Masu katin biki da ɗalibai ba za su karɓi farin fili ba. Da waccan nake ci da iyali."

"Ka tara ka sayi ta gaskiya, ko ka nemi mai kwalliyar da anka yafe. In ka ƙi, kabarinka daban, nawa daban. Amma kada ka sake taɓa rubutuna da ita."

Ya ɗaure littattafan da igiya, ya ɗaga ƙullin ya dire shi a cinyar Ɗantani.

"Motarka Moriki za ta. Kai za ka kai su. Labarin da ka ce za ka bayar, ka bayar, amma ka kai shi har ƙarshe."

Ɗantani ya dubi ƙullin, ya dubi fuskar Malam. Ya rungumi kayan ya fita, ko hoton da ya zo karɓa bai tsaya ɗauka ba.