Falmaran ɗin Hambali

"Har yanzu bai kama ba," in ji Inna Raliya, ta saki falmaran ɗin a cinyarta. "Furera, zo ki duba min. Idanun nan sun gama aiki."

Furera, maƙwabciyarta, aron rariya ta shigo, hannuwanta duk sun yi kanta saboda surfe. Ta so ta ce tana sauri, sai ta ji yadda numfashin tsohuwar ke fita da ƙyar, ta zauna a gefen tabarma.

Inna Raliya ta tsufa tana ɗinkin hula a Gwarzo. Tun da mota ta kaɗe babban ɗanta Muhsin bayan magariba, yana koro shanu daga Kabo, direba ya rantse bai gan shi ba, ba ta ƙara samun nutsuwa ba. Ƙaninsa Hambali ne ya gaji hanyar. Sai Malama Lailatu, mai koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata, ta nuna mata yadda ake ɗinka ƙananan fitilu a jikin tufafi, da wani zare ruwan toka mai ɗaukar wuta da batirin agogo, don direbobi su riƙa hango Hambali da dare.

"Malama ta ce doguwar ƙafar fitila da layinta, gajeruwa da nata," in ji Inna. "In suka haɗu, shi ke nan, fitila ba za ta kama ba."

Furera ta ɗaga rigar a hasken rana. "Ga shi nan kuwa, Inna. Sun rungumi juna a kafaɗa."

"To warware. Ni ba na ganin zaren."

Haka suka yi ta yi har damina ta ja baya. Furera ta zura zare, Inna ta yi 'yan ɗinki ta jingina da bango tana tari. Zaren ga santsi, ƙulli ba ya zama. Wata rana Furera ta gaji ta ce, "Inna, ki huta mana. Tocila ba ta isa ba?"

"Tocila gaba take haskawa, 'yar nan. Marigayi ta baya aka zo masa."

Ranar da fitilun suka kama, na ɓangaren dama ne kawai. Inna ta sa aka kira Hambali. Ya tsaya a tsakar gida, ƙato da shi, jajayen fitilu na ƙiftawa a bayansa.

"Inna, dariya za a yi min a kasuwa."

"Su yi. Wanda ya yi dariya ai ya gan ka."

Ya sunkuyar da kai, ya tafi da ita a jiki.

Bai dawo ya same ta ba. Da la'asar ta ce wa Furera ta ɗan gyara mata matashi, ta nemi ruwa, ta kurɓa kaɗan. Kafin Furera ta mayar da moɗa kan randa, Inna ta cika.

Bayan an watse daga zaman makoki, Furera ta shiga share ɗakin. Bayanta na ciwo, ta yi shara a durƙushe. Cikin ƙurar da ta taro bakin ƙofa akwai guntayen zare masu ƙyalli da yankakkun ƙafafun fitilu. Wata kaza ta matso, ta caccaki ɗaya, ta yar, ta wuce.