Taswirar Gudun Baba

Tun mako na biyu Khaulat ta daina yarda da taswirar nan.

Ita ta saya wa mahaifinta agogon, irin mai bin sawun mutum yana auna tafiyarsa da bugun zuciyarsa, ya turo komai cikin waya, har da taswirar hanyar da ya bi. Ta haɗa shi da wayarta don ta riƙa ganinsa daga Jahun, inda take aikin jinya. Malam Uwaisu tsohon malamin motsa jiki ne, shekararsa hamsin da tara, kuma tun kafin a haife ta yake gudun safe a bayan unguwarsu ta Limawa a Dutse. Bara likita ya ce jininsa ya hau. Hakan bai hana shi sa sunansa a tseren dattawa na kilomita goma da tsofaffin ɗalibansa suka shirya ba. Aka kai ruwa rana, daga ƙarshe aka daidaita: ya yi gudunsa, amma da agogo a hannu, in ya yi ƙara ya tsaya ya huta.

Makon farko taswirar ta Baba ce sak. Layi ya miƙe ya zagaye duwatsu ya dawo gida, kilomita takwas. Kullum kuma sai ya kira ta ya yi mita, wai agogon ya hana shi sakat kamar sauro a kunne.

Sai mitar ta ɗauke. Mutumin da ke iya kwana uku yana ƙorafi a kan gishirin miya, shi ne ya yi shiru haka siddan? Layin ma ya canza. Ya koma kilomita biyu, tafiyar jan ƙafa, sai ya je wani wuri gabas da unguwa ya kafe kusan awa guda. Baba yana fita ne da an sallame sallar asuba, amma wannan layin ba ya motsi sai bakwai ta yi.

Ta kira shi. "Baba, kana gudun kuwa?"

"Ina yi daidai gwargwado, 'yar nan."

"Agogon fa?"

"Lafiyarsa ƙalau. Ya aiki?"

Ta kira mahaifiyarta, ita kuwa ta ce kullum jiƙe sharkaf yake dawowa. Nan kan Khaulat ya ɗaure. Wane irin gumi ne a tafiyar kilomita biyu? Zarginta ya tsaya wuri ɗaya: ƙarfinsa ne ya ƙare yake ɓoyewa, yana zuwa can ya zauna har numfashinsa ya dawo. Ta san halinsa, gara ya faɗi a hanya da a ce ya gaza.

Ran Laraba ta buɗe waya gabanta ya faɗi. Layin yana tsaye cak, amma zuciyar tana bugu ɗari da arba'in a minti ɗaya. Ta sauko hamsin, ta sake tashi, tana tsalle ba tsari. Alhamis haka, Juma'a ma haka. Khaulat ta ga irin wannan bugun a gadon asibiti, ta san inda yake kai mutum. Ta shiga ɗakin ajiyar magani ta yi kuka, tsoro da haushi sun haɗe mata.

Ba ta kira shi ba, don ta san zai yi mata daɗin baki. Ta yi musayar aiki da abokiyarta, ta hau motar Dutse da yamma, ta sauka gidan goggonta ba tare da kowa ya sani ba. Da gari ya fara wayewa ta tari adaidaita zuwa hanyar bayan duwatsu, ta laɓe gindin wata bishiyar maina.

Wayar ta nuna agogon bai fito ba tukuna. Tana ɗaga kai, sai ga Malam Uwaisu ya ɓullo daga tsakanin gonakin gero, farar riga jiƙe, taku ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa. Gudu yake na gaske, kuma hannunsa ba komai.

"Baba."

Ya ja birki. Ya dube ta, ya dubi hannunsa, ya mayar da shi baya kamar wanda aka kama da nama a bakin tukunya.

"Ikon Allah. Yaushe a gari?"

"Ina agogon?"

Ta kama wuyan hannunsa ta ɗora yatsu biyu. Bugun yana da sauri, na mai gudu, amma daidai yake tafiya, ba tsalle ko ɗaya. Ta sake ƙirgawa, don ba ta yarda ba.

"Khaulat, shekara arba'in ina gudun nan ba agogo," in ji shi. "Jikina yana gaya min. In ina iya yin salati a fili numfashina bai yanke ba, ina daidai. In ya fara yankewa sai in sassauta. Abin nan naki ya sa na daina jin kaina, ido kullum a hannu. Ran nan saura kaɗan in faɗa kwalbati ina kallonsa."

"Na ji. Ina yake?"

Ya sosa ƙeya. "Wajen Malam Idirisu. Kin san kullum yana kora awakinsa can gabas ya zauna su yi kiwo. Na ce ya ɗaura min, don ki riƙa ganin ana motsi hankalinki ya kwanta."

Malam Idirisu maƙwabcinsu ne, aminin Baba tun suna firamare, shi ya yi wa Khaulat walicci. Da farko wani sanyi ne ya sauko mata, har ta kusa dariya. Kafin dariyar ta fito, sai ta tuna da bugun nan mai tsalle.

"Baba Idirisu ne yake sanye da shi ran Laraba?"

"Kullum ma. Har ya ce yana masa kyau. Me ya faru?"

Ta miƙa masa wayar, ta nuna masa yadda layin zuciyar ke hawa da gangarowa. Ta yi masa bayani a taƙaice, ba ta ɓoye komai ba. Malam Uwaisu ya tsura wa wayar ido. A hankali ya ce, "Shekaranjiya ya ce min jiri yake ji. Na ce masa tsufa ne, na yi ta tsokanarsa."

Wayar ta yi motsi a hannunsa. Agogon ya fito, yana tafiya gabas a hankali, zuciyar tana ɗari da hamsin.

"Ki samo adaidaita ki same mu a wajen kiwo," in ji shi, ya danƙa mata wayar.

"Baba, tsaya mu tafi tare. Kai ma jininka..."

Ya riga ya yanki gona. Ba gudun ɗazu ba ne, wannan na mai kashe gobara ne, ganyen gero yana dukan fuskarsa. Khaulat ta buɗe baki za ta ce ya sassauta, ta dubi adadin bugun da ke waya, ta kasa faɗa. Ta juya da gudu ta nufi titi tana ɗaga wa masu adaidaita hannu.