Ƙafafun Baba Mainasara

"Ba zan iya barinka ka shiga a haka ba, Mista Mainasara," in ji Bernard da Turanci, ya tare ƙofar laburaren da hannu ɗaya.

Ina dawowa daga aikin safe a asibiti na hango su. Bernard Bature ne, shi ke kula da ƙofa. Baba Mainasara kuwa maƙwabcina ne, ɗakinsa na saman namu a wani tsohon gida a Tottenham. Yana tsaye dogare da sanda, ƙafafunsa naɗe da bandeji, ya zura su cikin silifas ɗin da ya tsaga wa baki da reza.

"Shekara goma sha tara ina shiga nan," in ji Baba. "Yau ka fara ganina?"

Bernard ya nuna takardar da aka manna a jikin gilashi. Council, wato hukumar yankin, ta ce daga yau sai da takalmi mai rufi, saboda lafiyar jama'a. Wai wata mata ta taka fasasshiyar kwalba a ɗakin jaridu, ta kai su ƙara.

Na kama hannun Baba. "Mu je gida, Baba, sanyi ake."

"Karimatu, gidan ai ya fi nan sanyi."

Gaskiyarsa ce. Ɗakinsa bangon duk danshi, hitar ciki kuma sai ta ga dama take ci. Ya zo Ingila a jirgin ruwa tun kafin a haife ni, ya yi shekaru yana wanke taragun tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har gwiwa ta gaza. Matarsa ta rasu, ba su haihu ba. A laburaren nan ya koyi karatun boko da furfurarsa, da taimakon wata ma'aikaciya da ta daɗe da barin wurin. Tun daga nan kullum ƙarfe tara yana kan kujerarsa kusa da bututun ɗumi, yana bin jaridu layi-layi da yatsa, yana neman inda aka ambaci Najeriya. Da yamma ya sauko ya ba mu labari, ni da maigidana, kamar jiya ya baro Gusau. Ciwon sukari ne ya kumbura masa ƙafafun. Mun gwada takalmi mafi girma a shago uku, babu wanda ya shiga.

Lawal ne ya ce a kai ƙara. Ɗan Katsina ne, bai daɗe da gama karatun lauya ba, yakan zo gidanmu cin tuwo ranar Lahadi.

"Baba, wannan ba adalci ba ne," ya ce, yana buga cokali a tebur. "Laburare na kowa ne. Za mu yi challenging ɗinsu. Anti Karimatu, ke nas ce, ki samo mana takardar likita da za ta nuna ba da gangan yake ƙin takalmi ba."

Na samo. Sai da na yi sintiri sau uku kafin likitan ya rubuta, na kuma roƙe shi ya faɗi komai, kada ya rage: kumburin, gyambon, da yadda Baba ba ya jin ko allura a tafin ƙafarsa.

Baba ya farfaɗo a watannin nan. Ya sa an wanke masa babbar rigarsa. Kullum sai ya leƙo ya tambaya ko wasiƙar kotu ta zo. Wani lokaci kuma ya tafi har bakin laburaren, ya zauna a bencin jiran bas da ke tsallake, Bernard ya fito ya miƙa masa jaridar jiya ba tare da sun haɗa ido ba.

Shekarar 1978 ce, kuɗin man fetur ya buɗe ƙofofi a gida, kowa sai haɗa kaya yake. Saura mako uku a shiga kotu Lawal ya zo, bai ko cire kwat ɗinsa ba.

"Baba, an kira ni aiki a Legas. Sun ce ko in zo yanzu ko a ba wani."

Baba ya kalle shi. "To, Allah ya sa alheri, ɗana. Ka gaishe da gida."

"Na bar file ɗin a hannun wani abokina, ya san aikinsa."

Abokin nan a barandar kotu ya fara ganin Baba, sau biyu yana tambayata yadda ake faɗin sunansa.

Ba a yi awa ɗaya ba. Lauyan council ya miƙe, ya ce suna girmama dattijon nan, amma ƙasan laburare akwai ƙusoshin takarda, akwai keken tura littattafai mai nauyi, akwai gilashi. Sai ya ɗaga wata takarda, na gane ta tun daga nesa. Ya karanta a hankali inda likita ya ce mutumin ba ya jin ko allura. Ya ce in haka ne, ai shi ya fi kowa buƙatar wannan doka. Alƙali ya gyaɗa kai. Ya ce dokar ta hau kowa daidai, kuma tana da dalili. Ya ce za a iya riƙa kai masa littattafai gida.

A cikin bas, da muka kusa sauka, Baba ya juyo gare ni.

"Sun ɗauka littafi nake nema," ya ce.

"Baba, takardata ce ta kayar da kai."

"Ƙafata ce ta kayar da ni. Ke gaskiya kika sa aka rubuta."

Daga ranar bai ƙara zuwa bencin ba. Wata mota takan kawo littattafai duk mako biyu, su zauna a bakin ƙofarsa yadda aka ɗaure su. Nakan hau in wanke gyambon in canza bandeji, ina ganin baƙin fatar yana hawowa daga yatsu. Na ce mu je asibiti.

"Su yanke? A'a. Da su na zo, da su zan koma."

Ranar wata Laraba da hantsi na hau da koko. Yana zaune kan kujera lulluɓe da bargo biyu, fuskarsa na kallon taga. Na yi sallama sau biyu. Da na taɓa wuyansa sai na ajiye kofin a ƙasa, na zauna kusa da shi, na daɗe kafin in iya sauka kiran maigidana a waya.

An yi masa salla a sabon masallacin Regent's Park, bayan azahar, ana yayyafi. Mun aika wa mutane, amma da yawa sun riga sun koma gida, wasu kuma aiki bai bar su ba. Lawal ya turo telegiram bayan kwana goma.

Ni ban shiga ba, na tsaya daga waje inda rumfa ta ƙare. Wasu da suka makara sun tuɓe takalmansu a gaggauce a bakin matakala, ba su kai su ciki ba. Na ji liman ya yi kabbarar farko. Ruwan ya ɗan ƙara ƙarfi, yana ɗiga daga bakin rufi cikin wani baƙin takalmi sau-ciki. Na sunkuya na jawo su ɗaya bayan ɗaya zuwa inda yake a bushe, na jera su.