Kifin Da Lurwanu Ya Kashe A Yanbu

Kwana tara suka rage iƙamar Lurwanu, takardar izinin zamansa a Saudiyya, ta ƙare. Fasfonsa yana hannun kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takarda, Abu Mishari, wani Balarabe mai shirya wa Turawan kamfanonin Yanbu fita kamun kifi ranar Alhamis. Sau uku Lurwanu yana tasowa daga Madina ya roƙe shi ya sa hannu a sabunta takardar, sau ukun Balaraben yana ce masa bukra, wato gobe. A zuwa na huɗu ya gaya masa gaskiya. Turawan sun ja baya, aikin ɗan jagora ya kusa ƙarewa. Saura mutum guda, wani tsohon injiniya, Mista Aldan, wanda sauran suke jin maganarsa. Shekara biyu yana jefa ƙugiya a tekun nan bai kama abin kirki ba. In ya dawo yana murna, za a sa hannu. In ba haka ba, Lurwanu ya nemi wani kafilin, ko ya jira motar masu tasa ƙeyar baƙi.

Lurwanu Basarke ne daga Yawuri, a cikin kwalekwale ya girma. Ya zo aikin hajji shekara goma sha biyu da suka wuce, ya zauna. A unguwar Ƙurban ta Madina ya auri Ƙaltume, a nan aka haifi 'ya'yansu mata biyu, masu jin Hausa su amsa da Larabci. In aka kore shi, bai san inda zai kai su ba.

Da hantsi suka isa bakin sharam, wato inda teku ta shigo cikin tudu ta miƙe kamar kogi. Baturen ya haɗa wata siririyar sanda, ya buɗe gwangwani cike da ƙugiyoyi da aka ɗaure wa gashin tsuntsu, kowace ta yi kama da ƙwaro. Da ɗan Larabcinsa ya bayyana cewa a ƙasarsu da irin waɗannan ake kama wani kifi mai ɗigo-ɗigo a rafukan sanyi, ba tana, ba koto. Lurwanu ya ɗauki guda ya duba, ya ga an danne mata kunnen da ke hana kifi suɓucewa da gangan. Ya ce zai gyara, Baturen ya girgiza kai ya karɓe. A ransa Lurwanu ya ce ba mamaki aka yi shekara biyu.

Suka shiga ruwa har gwiwa. Baturen yana kaɗa igiya a sama, gaba da baya, ya saki ta sauka a hankali. Babu komai. Suka matsa. Babu komai. Rana ta take, gishiri ya bushe a gashin hannun Lurwanu, yana ta karanta duk addu'ar da ya sani. Teku ba ta yi masa magana yadda kogi yake yi. A Kwara kallo ɗaya zai yi ya san inda giwan ruwa ya kwanta, amma nan ruwan a shimfiɗe yake, ba gaba ba baya. Da azahar Baturen ya fara duba agogo. Lurwanu ya roƙe shi awa guda, ya nuna da yatsa, ya dafa ƙirji.

Ya yi salla a kan yashi, ya sallame, sai ya lura wani ɗan itace yana tafiya a kan ruwa. Teku ta fara janyewa, ruwan sharam yana fita ta wani matsatsi tsakanin duwatsu biyu. A wurin nan dai ya zama kogi. Lurwanu ya san abin da kifi ke yi a irin wannan wuri: ya laɓe bayan dutse, ya fuskanci ruwa, ya jira abin da za a kawo masa. Ya ja Baturen da hannun riga, ya tsayar da shi, ya nuna masa inuwar dutsen hagu.

A jifa na uku sandar ta tanƙware. Kifin da ake kira bayad ne, babba, fari kamar tasa. Ya ja igiya ya yi teku, Baturen yana saki yana naɗewa, yana dariya. Lurwanu kuwa ƙugiyar nan marar kunne kawai yake tunani. Kowane tsalle kifin ya yi, sai ya ji kamar iƙamarsa ce za ta suɓuce. Da kifin ya gaji ya matso kusa, bai jira ba. Ya faɗa kansa, ya cusa yatsu a kumatunsa, ya zaro kulkin da ke ɗamararsa, ya yi bisimilla, ya buga masa a ka sau biyu, kamar yadda ubansa ya koya masa. Ya ɗaga shi da hannu biyu ya miƙa.

Baturen bai karɓa ba. Dariyar ta ɗauke. Ya durƙusa cikin ruwa, ya yi kamar yana tallafe da wani abu, ya buɗe hannuwansa a hankali wajen teku. Sai a lokacin Lurwanu ya gane abin da ya sa aka danne kunnen ƙugiya. Mutumin nan kamawa yake ya saki.

Lurwanu ya mayar da kifin ruwa. Ya riƙe shi ta wutsiya yana turawa yana jawowa, ruwa yana shiga bakinsa, jini yana fita. Ya ce masa da Hausa, “Tashi mana, bawan Allah. Don Allah tashi.” Ya daɗe a haka, har Baturen ya dafa kafaɗarsa.

A bakin mota Abu Mishari, da ke jiransu, ya ga kifin ya yi ta tafi. Baturen ya ja shi gefe, suka ɗan yi magana. Da Abu Mishari ya dawo ya ce shi ma bai gane ba, mutum ya sha rana don kifi, a ba shi ya yi fushi. Baturen ya yaba idon Lurwanu, amma ya ce ba zai ƙara fita da shi ba.

“Ya ammi, ba wanda ya gaya mini,” in ji Lurwanu, yana kiransa baffa da Larabci. “Ina da 'ya'ya.”

“Ni ma ba wanda ya gaya mini, ya Hajji.” Abu Mishari ya buɗe aljihun mota, ya miƙo masa fasfo. “Nemi wani kafilin. Ɗauki kifin ma.”

Ana kiran magariba ya isa Ƙurban. Ƙaltume ta ga fasfon a aljihun rigarsa, ba ta tambaye shi komai ba sai da ya ci abinci. Ya gaya mata duka. Ta ce matar maƙwabcinsu Idrisa ta ambaci wani mai gonar dabino a Khaibar da ke neman ma'aikaci, kuma yana yi wa mutanensa takarda. Gobe bayan Juma'a sai su je su ji.

“Ban taɓa hawa dabino ba, Ƙaltume.”

“Malam, ba wanda zai tambaye ka wannan kafin ya sa hannu,” ta ce. Ta ɗauko wuƙa, ta ja kifin gabanta.