Amshin Firdausi

Duk ƙauyen Gidan Na'ibi, can bayan Birnin Tsaba, babu yaron da bai taɓa yi wa Kaka Zuwaira amshi ba. Tsohuwar ba wata murya gare ta ba, haƙoran ma saura kaɗan, amma da ta zauna gindin tsamiya tana ɓarar gyaɗa sai ka ga yara sun yanyame ta. Waƙoƙinta ba su da wuya, ita ta bayar, su su amsa. Wadda suka fi so ita ce ta zabuwa. Ta ce, "Zabuwa mai ɗigo-ɗigo, ina za ki?" su ce, "Gidan Kaka shan hura." Iyakar waƙar ke nan fa, sai dai a yi ta juya ta, a sa kaza, a sa tunkiya, ranar da tsokana ta motsa har mai gari takan saka.

Jikarta Firdausi, 'yar shekara biyar, ita ce uwar amshi. Yarinyar nan ko kuka take, ko loma na bakinta, in dai an tambayi zabuwa sai ta amsa. Uwarta Ummusalma ta sha gwada ta tana barcin rana, sai a ga leɓe yana motsi, a yi ta dariya.

Da lamarin 'yan bindiga ya tsananta, Zuwaira ta ƙara wa yaran darasin da ba na waƙa ba. In sun ji babura su faɗa cikin gonar dawa, su kwanta, kada su amsa kiran kowa, don an ji inda aka tsare uwa da bindiga aka ce ta kira 'ya'yanta. Ita da kanta ta kama kunnen Firdausi ta ce mata ko muryar Kaka ta ji tana kiran sunanta, ta zama kurma. Yarinyar ta gyaɗa kai, ita kuwa ba ta da mantuwa.

Ranar da 'yan bindigar suka zo, bayan la'asar ne, maza sun tafi Zurmi ba su dawo ba. Dawa ta fitar da kai amma ba ta nuna ba. Zuwaira ba ta san lokacin da ta wurgar da faifai ba, sai ganin kanta ta yi tsakiyar gona, kwance rub da ciki, Ummusalma a gefenta da jariri Idi. Firdausi kuwa babu ita. Ta fita wasa tun bayan azahar, kuma Ummusalma ta rantse ta hango jan ɗankwalinta ya nufo gonar nan.

To, ga su dai. Gabansu hanya, inda mutanen suka jera babura suna ɗaure kayan da suka kwaso. Bayansu gulbi ya cika ya batse. Ta wajen gari hayaƙi ke tashi. Cinnaku suna cizon Zuwaira a ciki da cinya, ba halin susa. Ummusalma ta cusa wa Idi nono, da ya yi motsi sai ta ƙara danna shi a ƙirji, hawaye na zuba a kan yaron.

Can Ummusalma ta kasa haƙuri, ta shiga kiran sunan 'yarta ƙasa-ƙasa. Shiru. Ta sake. Yo ina za ta amsa, bayan an ja mata kunne? Takaici ya turnuƙe Zuwaira. Wataƙila yarinyar tana nan kusa da su, ta toshe baki da hannu tana jin uwarta, tana bin umarni. Gonar kuwa faɗi gare ta, in aka ce rarrafe za a yi a neme ta, sai rana ta faɗi ba a kai rabi ba, kuma kowane kara ya motsa daga hanya ana gani. Ga shi Zuwaira ta ji ɗaya daga cikin mutanen yana cewa a koro shanun gari ta cikin dawar, ya fi kusa. Shanu ba su san yaro a kwance ba.

Ta matso da baki kunnen surukarta Ummusalma ta faɗa mata abin da za ta yi. Ummusalma ta riƙe mata hannu gam.

"Inna, za su ji ki."

"Ja jiki ki tahi bakin gulbi da yaron ga. Komi kika ji, kada ki hito."

Ta jira har ta daina jin motsinsu. Tsoro take ji, tsoro na gaske. Ta yi bisimilla, ta tattaro yawu, ta rera a hankali, "Zabuwa mai ɗigo-ɗigo, ina za ki?" Ba abin da ya amsa sai ganyen dawa. Ta ƙara murya kaɗan, ta kasa kunne dama da hagu. Babu. A hanya an fara tayar da babura. Sai ta ce a ranta, a yi ta ta ƙare, ta saki murya yadda take sakinta a gindin tsamiya.

"Gidan Kaka shan hura."

Muryar ta fito sarai, da shessheƙar kuka a ciki. Daga hanya ta fito, daga tsakiyar baburan.

Zuwaira ta kifa goshi a ƙasa. Wani ya bushe da dariya, ya ce wace tsohuwa ce wannan, ta fito. Wani ya ce a rabu da ita, dare na yi, ba mai shiga dawa neman tsohuwa. Da ta yi lamo, wallahi tafiyarsu za su yi.

Ta dafa ƙasa ta miƙe, gwiwoyi na ƙara. Ta kakkaɓe cinnaku, ta gyara ɗaurin zane, ta ratsa dawar ta fito hanya. Firdausi tana kan wani babur, an matse ta tsakanin mai tuƙi da buhun gero, ɗankwali ya faɗi, ƙafa ɗaya ba takalmi. Mai babur ya dubi Zuwaira sama da ƙasa, ya ce ba su da wurin tsofaffi.

"Sauke geron," in ji ta. "Ba ta cin abinci sai da ni. In ta mutu a hannunku, mi kuka samu?"

Mutanen suka dubi juna. Aka ture buhun.

Ta hau da ƙyar, ta juyo da yarinyar ta manna fuskarta a ƙirji. Da babur ya ja, sai ta ɗaga murya iya ƙarfinta, yadda za a ji har bakin gulbi, don uwar ta san ba a tafi da 'yarta ita kaɗai ba. Ta tambayi zabuwa ina za ta. Firdausi ta amsa cikin zanenta, gidan Kaka shan hura, gidan kuwa yana bayansu yana ci da wuta.