Ƙofar Ɗakin Injin

"Koma ka ce masa ba ka same ni ba," in ji Sakina Bibi, tana murza ƙullun gurasa a tsakar gidanta.

Mehrban wanzami ya rage murya. "Haba Inna. Kawu Fazal Dad ba zai ga gobe ba. Kalma ɗaya yake roƙo."

"Mijina ma kalma ɗaya ya roƙa. Buɗe."

Duk unguwar Keamari ta bakin teku an san zancen. Fazal Dad da Allah Ditta, mijin Sakina, shekara tara suka yi a jirgin ruwan yaƙi ɗaya. A yaƙin farko sun raka jiragen kaya, sun yi wa gaɓar abokan gaba ruwan wuta, suka dawo ko ƙwarzane babu. A na biyu makami ya fasa cikin jirgin. Ruwa ya kwararo ɗakin injin, hafsa ya daka tsawa a rufe ƙofar ƙarfe kada jirgin duka ya cika. Fazal Dad ne kusa da ita. Ya rufe, ya murɗa, da mutum huɗu a ciki, har da Allah Ditta, suna bugu da sifana. Duk da haka jirgin ya nutse kafin awa guda.

Mehrban ya juyo ya nufi gidan Fazal Dad. Shekara ashirin yana yi wa tsohon aski, yana juya maganar a ransa. Da jirgin ya tsira, da an ce gwarzo ne. Hannun dai shi ne, ƙofar ita ce. To laifin a ina ya shigo?

Ya tarar da shi kwance a gadon igiya, fanka tana kaɗawa, shayin safe ya yi fata a kofi.

"Ɗan aska, ka dawo? Tafiyarka kamar askinka, sai mutum ya tsufa."

"Ta yafe, Kawu."

Tsohon ya zuba masa ido. "Me ta ce?"

"Ta ce... Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Fazal Dad ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Sakina? Da ka ce ta zage ni tukuna, da na yarda. Kai ko ƙarya ba ka iya ba."

"Umarni aka ba ka, Kawu."

"An ba ni. Amma kafin hafsan ya buɗe baki hannuna yana kan ƙofar. Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba." Ya juya fuska bango. "Gyara mini gemun nan, kada in je a hargitse."

Kafin la'asar ya cika.

Da aka fito da makara, Mehrban na riƙe da gaba, Sakina tana zaune a dokin ƙofarta, ƙafafu miƙe cikin lungun. Masu ɗauka suka tsaya, don hanyar ba ta isa ba. Ba ta dubi kowa ba. Ta janye ƙafafunta a hankali, suka wuce.