Bangon Inna

Auta ya durƙusa a bayan firiza yana shinshina kamar mai neman ɓera. Yayarsa ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Na ce maka ƙarnin kifi ne, Injiniya. Magen nan ce ta ɓoye wani abu."

"Yaushe rabon da a dafa kifi a gidan nan, Yaya?"

Ta lissafa a ranta. An daɗe.

Auta mai gyaran wutar lantarki ne, kuma ya san wannan warin. Robar da ke jikin waya idan ta fara dahuwa, ƙarni take yi kafin ta kai ga ƙauri. Ya cire fulogin firizar ya duba ƙafafunsa: fes, ba baƙi. Ya ɗora bayan hannunsa a kan soket, sanyi ƙalau. Ya bi na kicin, ya bi na wurin guga, ya kwance murfinsu ɗaya bayan ɗaya. Ko'ina lafiya. Amma ƙwan lantarkin falo yana ɗan lumshewa duk lokacin da firizar ta tashi, warin kuma yana nan.

"Tun yaushe kika kawo firizar?"

"Tun da na fara sayar da ƙanƙara. Kar ka ɗora mata laifi, ita ke ciyar da mu."

"Ban ce komai ba."

"Fuskarka ta ce."

Ya shiga ɗakin mahaifiyarsu don ya gaishe ta da kyau, tunda a tsaitsaye ya gaishe ta da ya shigo. Inna tana zaune a ƙasa kan darduma, ta jingina bayanta da bango, mage ta lafe a gefenta. Ga kujera mai laushi da ya saya mata saboda ciwon baya, an tara wanki a kai.

"Inna, kujerar ba ta yi miki ba ne?"

"Ta yi mana. Ga ta can tana aiki."

Ya yi dariya ya zauna kusa da ita. Yana jingina kafaɗarsa, ya ji abin. Bangon da ɗumi, ɗumi irin na jikin mutum. Warin ma a nan ya fi ƙarfi.

Ya shafa bangon da tafin hannu. Ya juya kai, ya ga wani ɗan murfi mai kusurwa huɗu dab da kafaɗarta, wanda fenti ya rufe tun zamanin mahaifinsu. Gefen murfin ya yi launin shayi. A nan wayar falo da ta kicin suka haɗu.

"Inna, tun yaushe wurin nan yake da ɗumi?"

Ta gyara mayafinta. "Wane wuri?"

"Inna."

"To, tun da aka kawo injin ƙanƙarar yayarka. Allah ne ya dube ni. Maganin asibiti bai yi mini abin da bangon nan ya yi mini ba. In na jingina, har barci nake yi."

Yaya, da ta biyo shi, ta riƙe baki. "Shi ya sa kika hana ni share wurin! Kika ce in bar miki kayanki!"

"Na san halinku. Ku abu in yana da daɗi sai kun gyara shi."

Auta ya sassauta murya. Ya gaya mata cewa a bayan murfin nan akwai haɗin da ya saki, wuta tana tsallakawa da ƙyar, tana dafa robar a hankali. Firizar ta ƙara wa layin nauyi. Ɗumin da take ji, somin gobara ne.

"Shekara nawa gidan nan bai ƙone ba?" in ji ta. "Ka bar mini bangona, Auta. Ka je ka gyara na mutane."

Ya san ba a ja da Inna. Ya juya sukundireba a hannunsa. Can ya ƙwanƙwasa bangon da yatsa.

"Me ke bayan nan?"

Yaya ce ta amsa, muryarta ta canza. "Gadon yarana. Da labule."

Inna ta dubi bangon, ta daɗe tana dubansa. Sai ta miƙa wa Yaya hannu. "Tashe ni." Da ta miƙe, ita da kanta ta ja dardumar gefe, ta kori magen da ƙafa.

Auta ya kashe babban makunni, ya gwada da testa ya tabbatar babu wuta, sannan ya kankare fentin ya buɗe murfin. Robar ta narke ta manne, jan ƙarfen ya yi baƙi, tef ɗin da aka naɗe haɗin da shi ya zama gawayi yana marmashewa a yatsa. Ya nuna musu a tafin hannunsa. Yaya ta yi salati. Inna ta kau da kai.

Aikin ya kai shi har la'asar. Ya yanke duk inda ya ƙone, ya zura sabuwar waya, ya ɗaure haɗin da ƙusa tam, ya ja wa firizar layinta daban daga mita. Da ya mayar da wuta, ƙwan falo ya tsaya cak. Yaya ta kawo masa ruwan sanyi da ƙanƙara a ciki.

"Kyauta ce, Injiniya. Kar ka saba."

Ya leƙa ɗakin Inna zai yi sallama. Ta koma wurinta, ta jingina, fuskarta ba yabo ba fallasa. Magen ta ƙaura kan wanki.

"Ka kashe shi," ta ce. "Sanyi kamar randa."

"Gobe zan kawo miki jakar ruwan zafi."

"Tana hucewa. Shi ba ya hucewa."

Ya ajiye jakar kayan aikinsa a bakin ƙofa. Ya ɗan matsar da ita gaba, ya zauna tsakaninta da bangon, ya ba ta baya. Can ya ji nauyinta ya sauka a kansa a hankali.

"Hm," in ji ta. "Kai ma ba laifi."

Wayarsa ta fara ƙara a aljihu, wani mai shago ne da ke jiransa tun rana. Ya kai hannu.

"Kar ka motsa," ta ce, idonta a rufe.

Ya bar wayar tana ƙara har ta gaji.